Bindigar farauta ta fam dubu 100: ƙarfe ake saya ko suna?

Ɗan Baushe: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun jiya. Na ga hoton wata bindiga mai baki biyu ƙirar Holland & Holland ta Landan, aka ce sabuwarta ta haura fam dubu 100, kuma ko ka biya sai ka jira wajen shekara 2 kafin a miƙa maka. Ga kuma bindigar masana'anta irin Tikka ko Remington da ba ta kai kashi 2 cikin 100 na wannan kuɗin ba, ita ma tana kayar da dabba. Don Allah masu sani su fahimtar da ni. Mene ne a jikin waccan da babu a jikin wannan? Ingancin gaske ne, ko dai sunan kamfani ake saya?

Injiniyan Ƙarfe: Wa alaikumus salam. Ƙanena, zan ba ka amsa kai tsaye. Idan abin da kake nema shi ne harsashi ya faɗa inda ka saita, to kuɗin nan bai sayo maka komai ba. Masu harbi suna da ma'aunin da suke kira MOA, wato harsasai su taru a cikin faɗin da bai wuce kusan santimita 3 ba daga nisan mita 100. Kamfanin Sako na ƙasar Finlan, wanda shi ke ƙera Tikka, yana ba da tabbacin wannan a kan bindigoginsa na kasuwa. Weatherby ta Amurka ma haka. Injin da kwamfuta ke sarrafawa yana yanka ƙarfe daidai wa daida sau dubu ba tare da gajiya ba, hannun mutum kuwa yau lafiya, gobe ciwon baya. Mai baki biyun da ka gani, in ta tara harsasanta a faɗin tafin hannu daga mita 50, an gode Allah.

Baba Maharbi: Injiniya, abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ka auna raƙumi da ma'aunin doki. Ba don harbin takarda aka yi mai baki biyu ba. An yi ta ne don ranar da bauna mai rauni ta fito daga cikin ciyawa taku 15 a gabanka, kai a sunkuye, ba ta da niyyar komawa. A wannan lokacin ba santimita kake nema ba, harbi na biyu kake nema ba tare da ka motsa hannu ba. Mai baki biyu bindiga biyu ce a kan ƙota ɗaya: bututu biyu, kunama biyu, makullin harbi biyu, kowanne da kansa. In ɗaya ya ƙi tashi, yatsanka ya zame zuwa kunama ta baya. Babu sakatar da za ka ja don shigar da wani harsashi kamar a bindiga mai baki ɗaya, babu kwanson da zai maƙale. Na shekara fiye da 30 ina bin daji, kuma sau ɗaya tak na ga irin wannan rana, amma wanda ya gani sau ɗaya ba ya sake tambayar dalilin kuɗin.

Injiniyan Ƙarfe: Allah ya ƙara girma Baba. Na yarda da amfanin baki biyu. Amma ai akwai masu baki biyu na kamfanonin Jamus da Faransa, irin su Merkel da Krieghoff da Chapuis, da ba su kai kusa da farashin na Landan ba, kuma ƙwararrun masu jagorar farauta suna riƙe su kullum. To ina ragowar kuɗin ya tafi?

Baba Maharbi: Yawwa, yanzu ka yi tambayar. Bari in fara da abin da ya sa ko mafi arhar mai baki biyu take da tsada, sannan mu zo ga ragowar.

Bututu biyu da aka manne ba sa harbi wuri ɗaya haka kawai. In ka harba na dama, naushin bindigar yana karkatar da bakin zuwa dama da sama tun harsashi bai gama fita ba. Na hagu kuma ya yi hagu. Saboda haka ba a jera su sambal, sai an ɗan matso da bakunansu kusa da juna. Nawa za a matso? Babu lissafin da zai gaya maka daidai, domin ya danganta da nauyin bindigar, nauyin harsashi da saurinsa. Sai maƙeri ya liƙe bututun da dalma, ya tafi filin gwaji ya harba, ya dawo ya gasa wurin da wuta har dalmar ta saki, ya matsa wani ɗan tsinken ƙarfe da ke tsakanin bakunan gaba ko baya, ya bari ya huce, ya sake harbawa. Haka zai yi ta yi har dama da hagu su riƙa sauka gefe da gefe. Wata ta ba da kai da wuri, wata ta cinye harsasai masu yawa, kuma kowane harsashin .470 (irin wannan lamba kaurin harsashi take nunawa) kuɗi ne. Bayan an gama, bindigar ta auri wannan harsashin ke nan. In ka sa mata wanda ya fi sauri, harbin zai gitta, na dama ya koma hagu. In ka sa wanda bai kai shi sauri ba, su rabu. Wannan aiki har yau ido da hannu da haƙuri ke yin sa.

Ragowar kuɗin kuwa lokacin mutane ne. Ba mutum ɗaya ke ƙera irin wannan bindiga ba. Mai bututu daban, mai haɗa jiki daban, mai ƙota daban, mai zane daban, mai gamawa daban, kuma kowannensu ya shekara da shekaru yana koyo a ƙarƙashin wani. Wajen haɗa bututu da jiki, sai su turara ƙarfen da hayaƙin fitila ya yi baƙi, su rufe, su buɗe, inda baƙin ya goge nan ne ya taɓa, su kankare da zarto kaɗan, su sake turarawa. Ana yi har rufin ya zama ko siririyar takarda ba ta samun wurin shiga.

Injiniyan Ƙarfe: Baba, a nan zan ɗan ja. Su kansu gidajen Landan ɗin yanzu da injin kwamfuta suke fitar da sassan farko, hannu yana zuwa ne a ƙarshe. Ba laifi ba ne, ya ma ƙara inganci. Amma mu daina ɗauka cewa wani tsoho ne ya zauna da guntun ƙarfe da zarto tun daga farko. Sannan a duba masu kamfanonin. Purdey, da aka kafa a 1814, tun 1994 tana hannun Richemont, masu kamfanin kayan ado na Cartier. Holland & Holland, da ta faro a 1835, Beretta ta Italiya ce ta saye ta a 2021. Rigby, da ta samo asali a Dublin a 1775, tana ƙarƙashin masu kamfanonin bindiga na Blaser da Mauser na Jamus. Wanda ya sayi kamfani irin wannan ya san cewa suna ya saya, kuma sunan zai sayar.

Ƙari a kan haka, kada wani ya ce mai tsada ta fi aminci daga fashewa. A Birtaniya doka ce kowace bindiga ta bi ta gidan gwaji kafin a sayar, irin na Landan wanda tarihinsa ya koma 1637, ko na Birmingham na 1813. Ana cusa mata harsashin da ƙarfinsa ya zarce na yau da kullum, in ta jure a buga mata hatimi. Mai arha da mai tsada, gwaji ɗaya, hatimi ɗaya.

Gwanin Katako: Ku ba ni dama in sa baki, don duk kun tsaya a kan ƙarfe kun manta da abin da ke taɓa jikin mutum. Ni sana'ata katako ce, ba bindiga ba, amma na san abin da nake gani. Ƙotar irin waɗannan bindigogi daga itacen walnat ake fitar da ita, mafi daraja kuma daga ƙasar Turkiyya da yankin Kokeshiya yake zuwa. Ba daga tsakiyar gangar itacen ake samun mai kyan zane ba, sai can ƙasa wajen da saiwa ta haɗu da gindi, shi ya sa ake tono bishiyar maimakon a sare ta. Tsohuwar bishiya ake nema, wadda ta girma a hankali a ƙasa mai tsauri. Bayan an yanka, sai a ajiye katakon ya bushe da iska shekara da shekaru. In aka yi gaggawa aka gasa shi, zai motsa daga baya.

Kuma kyau kaɗai bai isa ba. Wajen wuyan ƙota, inda hannu ke kamawa, nan ne mafi siranta kuma nan naushi ke bi. Dole jijiyar katakon ta miƙe sambal a wurin, zanen da ya murɗe kamar hayaƙi ya tsaya can baya wajen kafaɗa. Katakon da ya haɗa waɗannan biyun ba shi da yawa, shi ya sa guntu ɗaya tun ba a taɓa shi ba zai iya fin bindigar masana'anta sukutum tsada. Sai shafa mai: ana ɗiga kaɗan, a murza da tafin hannu, a bari ya sha, a goge, gobe a sake, har makonni. Ba fenti ba ne a sama, a cikin katakon yake. In ya karce bayan shekara 20 ana iya tayar da shi. Ni dai in na ga irin wannan aiki zuciyata takan yi sanyi, don na san hannun da ya yi shi bai yi ha'inci ba.

Injiniyan Ƙarfe: Malam Gwani, ina girmama sana'arka. Sai dai katako yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke. In ya taɓa bututu, saitin da ka yi da rani ba shi za ka samu da damina ba. Ƙotar kabon faiba, wato wani haɗin masana'anta mai ƙarfi mara nauyi, ba ruwanta da ruwan sama, kuma ta fi sauƙin ɗauka a kan dutse.

Gwanin Katako: Haka ne, ban musa ba. Shi ya sa masu aikin kirki suke rarake hanyar bututu don kada ya taɓa katako, su kuma zaunar da jikin bindigar a kan ginshiƙan ƙarfe da gam mai tauri. Amma in ruwa da laka ne aikinka kullum, ɗauki kabon ɗinka, babu gardama.

Likitar Dabbobi: Ina biye da ku tun ɗazu. Yayyena, akwai wanda ba a ambata ba a duk wannan zance, ita ce dabbar. Ni abin da ya dame ni da bindiga, mai tsada ko mai arha, shi ne ta kashe nan take, kada a bar dabba ta shiga daji da harsashi a ciki ta kwana uku tana mutuwa. Na yi jinyar irin waɗannan raunuka, ba abin da mutum zai so ya gani ba ne. Kuma mafi yawan abin da ke jawo haka ba ƙarancin tsadar bindiga ba ne, tsoron naushinta ne. Mutum ya sayi babbar bindiga da ta fi ƙarfinsa, ta doke shi a kunci sau biyu, daga nan duk lokacin da zai ja kunama sai ya runtse ido ya fizge.

A nan ne nake ganin bindigar da aka yi wa mutum a kan awonsa tana da hujja. Gidajen nan suna da bindigar gwaji mai gaɓoɓi da ake iya tsawaitawa ko lanƙwasawa. Za a auna tsawon hannunka, faɗin kafaɗarka, tsayin wuyanka, da idon da kake saiti da shi, har a kai inda in ka ɗaga ta ido a rufe ka buɗe, saitin yana gaban idonka. Ƙotar masana'anta an yi ta ne don matsakaicin namiji. Mace irina, ko gajeren mutum, ko bahago, sai dai ya lanƙwasa jikinsa ya bi bindiga. Wadda ta zauna daidai tana raba naushi a kafaɗa, ba ta dukan fuska, mai ita ba ya tsoronta. Amma fa wannan awon maƙerin ƙota na gari zai yi maka shi a kan bindiga mai sakata ba tare da ka je kusa da fam dubu 100 ba.

Baba Maharbi: Allah ya yi miki albarka 'yata. Kin taɓo inda nake so. Kuma tarihi yana bayanki. Bindigar da aka ba fitaccen maharbi Jim Corbett kyauta a 1907, bayan ya kashe damisar Champawat da ta addabi mutane a Indiya, ƙirar Rigby ce mai harsashi .275, wanda shi ne 7x57 na Mauser da aka sauya wa suna. Ƙaramin harsashi ne mai sauƙin naushi. Ya yi shekaru yana aiki da ita saboda ya san ta, ta san shi.

Tun da an zo kan mai sakata, Ɗan Baushe, ka riƙe wannan. Yawancin manyan bindigogin oda, wato waɗanda ake ƙera wa mutum na musamman, masu sakata har gobe a kan tsarin Mauser na 1898 ake gina su. Dalili shi ne wata doguwar ƙugiya da ke gefen sakatar. Tun harsashi yana tasowa daga ma'ajiyarsa take cafke gindinsa, ba ta saki sai ta jefar da kwanson. Ko bindigar a kife take, ko kana gudu, harsashin ba ya faɗuwa, kuma in kwanso ya kumbura saboda zafi tana da ƙarfin fizgo shi. Winchester ta sa irin wannan ƙugiya a bindigarta Model 70 tun 1936, ta cire a 1964 don rage kuɗin ƙira, maharba suka yi ta ƙorafi har aka dawo da ita daga baya. Remington 700 ta 1962 tura harsashin kawai take yi, kuma ta yi suna wajen daidaito, ban ce ba ta da kyau ba. Amma sa Mauser ta riƙa ɗaukar manyan harsasai kamar .416 Rigby na 1911 ba tare da tangarɗa ba, aikin hannu ne. Sai an goge leɓunan ma'ajiya da gangaren da harsashi ke hawa, a gwada, a sake gogewa. Wannan ba ya fitowa a hoto, amma shi ne abin da ya cancanci a biya.

Mai Lissafi: Ni kuma gargaɗi na zo da shi, don na ɗanɗana. Kalmar oda ba ta nufin inganci. Na taɓa ba wani maƙeri aikin bindiga mai sakata a .375 H&H, wato harsashin Holland & Holland, da takarduna da lasisina cikakku. Ya ce wata 10, ta kai shekara 3. Da ta iso, kyau kamar a rataye a bango: katako mai zane, ƙarfe ya sha launi. Na cika ta da harsashi 4, na farko ya shiga, na biyu ya shiga, na uku ya soke kai a gangare ya tsaya. Kullum na uku. Abin da ya ƙara ba ni takaici shi ne .375 H&H, tun da aka fito da shi a 1912, an san shi da santsin shiga saboda kwansonsa a tsuke yake ta gaba. In maƙeri ya kasa da wannan, to bai gwada ba ne sam. Ya kashe lokacinsa a kan abin da ido ke gani, ya bar abin da rai ya dogara a kai. Sai da na kai wa wani ya gyara, na sake biya.

Batun cewa jari ce kuma, a yi hattara. Sabuwar bindigar oda in ka fitar da ita yau ka kai gwanjo gobe, da wuya ka mayar da kuɗinka, domin an yi ta ne a kan jikin wani, da harafin sunan wani. Waɗanda ke yin tsada a gwanjo su ne tsofaffi masu tarihi, ko na fitattun gidaje da suka tsufa cikin ƙoshin lafiya. Na ƙaramin maƙeri da ba a san shi ba kuwa, ko ya fi iya aiki, kasuwa ba ta san shi ba.

Ɗan Baushe: Subhanallah, Allah ya mayar da alheri Yaya. To zanen da ake yi a jikin ƙarfen fa? Na ga wata da giwa da zaki da ruwan zinari. Shi ma yana da aiki?

Gwanin Katako: Ga harbi ba shi da aiki ko kaɗan, kuma babu mai gaskiyar da zai ce maka yana da shi. Ado ne, kuma yana iya cin watanni a hannun mutum ɗaya da ɗan ƙaramin kurfi. Amma ni ba na raina shi. A Ferlach ta Ostiriya da Suhl ta Jamus da Gardone ta Italiya akwai mutanen da wannan ce sana'ar kakanninsu. In masu hali suka daina ba da irin wannan aiki, ba mai koya wa yaro, kuma hannu in ya mutu littafi ba ya dawo da shi. Wanda ya biya don wannan, ya san abin da ya biya. Matsala tana ga wanda ya ɗauka zinarin zai gyara masa saiti.

Injiniyan Ƙarfe: A kan wannan mun haɗu, Malam Gwani. Ni abin da nake ƙi shi ne a ce wa matashi sai da irin wannan zai zama maharbi. In kuɗinka ƙayyadadde ne, ka raba shi: bindiga mai kyau ta masana'anta, madubin saiti na kirki da maɗaurai masu ƙarfi, sauran kuma harsashin atisaye. Madubi mara kyau ya lalata harbi fiye da bututu mara tsada. Wanda ya harba 500 a filin gwaji da Tikka zai fi wanda ya harba 20 da Purdey, kuma mai Purdey ɗin sau da yawa tsoron karce ta ma yake yi.

Baba Maharbi: Ban ƙi ba, Injiniya, sai dai kalma ɗaya. Ka ce zai fi shi, na yarda, a kan barewa da gada daga nesa. Amma ranar bauna ina nan a kan bakana. Kuma ka lura, ƙasashe da dama a Afirka ba sa barin a fuskanci manyan dabbobi masu haɗari da abin da ya gaza .375. A wannan aji, abin da nake so in sani game da bindiga shi ne wane ne ya zauna ya cika ta ya zazzage sau ɗari kafin ta bar hannunsa. In masana'anta ta yi haka, madalla. In ba ta yi ba, sai na biya wani ya yi.

Likitar Dabbobi: Kuma duk wanda za a saya, a bi doka: lasisi, lokacin da aka halatta, dabbar da aka halatta, da ma'ajiya mai kulle a gida saboda yara. Zamanin da mutum ɗaya zai kashe giwaye ɗaruruwa ya wuce, kuma bai kamata ya dawo ba.

Ɗan Baushe: Na gode ƙwarai iyayena. Ni ba bauna zan bi ba, kuma ba ni da kuɗin Landan. Abin da na tsayar shi ne in nemi mai sakata ta masana'anta a .30-06 ko 7x57, in sa madubi mai kyau, sannan in kai wa mai ƙota ya daidaita mini ita, don ni bahago ne kuma hannuna gajere. Baba, ta yaya zan gane tsawon ƙota ya yi mini daidai?

Baba Maharbi: Da farko nemi wadda aka ƙera wa bahago tun daga masana'anta, sakatarta a hagu, akwai su, kada ka yarda a ce ka saba da ta dama. Sannan ka sa rigar da za ka shiga daji da ita, ba 'yar shara ba, domin kaurin riga yana ƙara tsawo. Tabbatar babu harsashi a ciki, ka duba da ido ka taɓa da yatsa. Rufe ido, ɗaga ta zuwa kafaɗa, kwantar da kunci, sannan ka buɗe. In ka ga madubin a cike ba tare da ka miƙa wuya ko ka janye kai ba, kuma tsakanin hancinka da babban yatsanka akwai kamar faɗin yatsu biyu, ta kusa. In gindin yana kama rigarka a hammata wajen ɗagawa, ta yi tsawo. Ka ce wa mai ƙotar ya rage kaɗan kaɗan, kana gwadawa tsakanin kowane yanka, kuma ya ajiye maka guntun da ya cire.